Daga Kazaure: Kano za ki kai yara hutu ko Katsina?

 

Wata ƙanwata da ke aure a Roni ce ta kira ni ana saura 'yan makonni a ba da hutun ƙarshen shekara. Ta ɗauki adashi, ta biya bashin mai ɗinki, abin da ya rage kuma ta yi rantsuwa ba zai tafi a ankon biki ba a wannan karon. So take ta fita da yaranta huɗu su ga gari, domin babban nata yana aji shida na firamare amma iyakar tafiyarsa kasuwar Kazaure. Maigidan ya amince, bisa sharaɗin tafiya ɗaya ce tak, kuma za a tafi da Hajiya mahaifiyarsa. Tambayarta gajeriya ce: "Yaya, Kano ko Katsina?"

Na taɓa kai nawa yaran duka garuruwan biyu, shekara guda tsakani, don haka abin da na gaya mata shi zan gaya miki, har da wanda katin waya bai bari na ƙarasa ba. Ƙila ke ma kina da ɗan abin da kika ƙulle a bakin zane, kuma kin san idan ya tafi a tafiyar da ba ta yi daɗi ba, sai an daɗe ba a sake samun irinsa ba.

Mu mutanen wannan kusurwa ta Jigawa a tsakiya aka ajiye mu. Idan kika hau titi daga Kazaure kika yi kudu, wajen kilomita 80 ne ki shiga Kano. Idan kika yi arewa, kilomita 50 ko kusa da haka kina Daura, daga can ki karya yamma, ki ƙara wajen 80 ki isa birnin Katsina. Ita kanta masarautar Kazaure daga gefen ƙasashen Kano da Katsina da Daura aka yanko ta a zamanin jihadi, a hannun Ɗantunku, wanda ya daɗe yana ja-in-ja da Sarkin Kano Ibrahim Dabo kafin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya raba gardama. Shi ya sa da wuya ki shiga gida a Gwiwa ko Roni a ce ba su da 'yar uwa mai aure a ƙasar Katsina, da wuya kuma a ce ba su da ɗa da ke neman na kansa a Kano. Har zuwa 27 ga Agusta 1991 da aka ƙirƙiro Jigawa, mu ma 'yan Jihar Kano ne.

Wannan kusanci ne ya sa yawancinmu muke ganin mun san Kano. Amma ki tambayi kanki me ya taɓa kai ki. Ko dubiya a asibiti, ko sayen atamfa a Kantin Kwari, ko haɗa kayan ɗakin wata, ko tarbar wanda ya sauka a filin jirgi. Mu shiga da safe, mu fito da la'asar da ciwon kai da ƙullin kaya. Yaran da muka taɓa ja a irin wannan tafiya, abin da suka sani game da Kano shi ne cunkoson Kurna da hayaƙin a-daidaita-sahu. Ni kaina na haura shekara talatin ina shiga garin kafin ƙafata ta taka Dala.

Hanyar ba baƙuwa ba ce. Ki wuce Ɗambatta, ki wuce Kwanar Dumawa, ki faɗa titin Katsina a Dawanau, daga nan Bachirawa, Rijiyar Lemo, Kurna. Tun farkon 2023 aka ƙaddamar da aikin mayar da titin tagwaye, kilomita 132 daga shataletalen Dawanau har Kwangwalam a bakin iyakar Nijar, kamfanin BUA ne ya karɓi aikin. Inda aka gama, mota sai sulalawa. Inda ake kan yi, sai a rufe gilashi a yi haƙuri da ƙura. Idan kika bar gida da hantsi bai ɗaga ba, kafin yara su fara kukan yunwa kin iso.

Idan yaranki ƙanana ne, 'yan ƙasa da shekara bakwai, maganar gaskiya Kano ta riga ta ci gasar da abu ɗaya: Gidan Zoo, wanda aka gina zamanin Gwamna Audu Baƙo. Yaron da ya saba jin kura a tatsuniya, ranar da ya gan ta tana safa da marwa a cikin keji, ya ga jimina ta miƙo wuya ta fi babansa tsawo, wannan rana ba ta fita daga kansa. Autata ta yi wata guda tana kwaikwayon yadda biri ya ɓare ayaba. Akwai inuwar bishiyoyi, akwai inda za ki shimfiɗa tabarma ki buɗe kula, tsohuwa ma za ta iya zama ta huta yara na zagayawa da babbansu. Sai dai kada ki kuskura ki je cikin kwanakin sallah. Jama'ar da ke cika wurin a ranakun nan, ko ke babba sai kin riƙe mayafinki da kyau.

Amma wurin da ya fi tsaya mini a rai ba shi ba ne. Marinar Ƙofar Mata ce, wadda masu ita ke cewa tun 1498 ake rini a cikinta. Rijiyoyi ne ƙanana jere a ƙasa, kowace cike da ruwan baba da toka, dattawa na zaune a baki suna tsoma yadi suna ɗagowa. Na gaida wani tsoho na ce, "Baba, yara ne na kawo su ga sana'a." Ya ce, "Madalla Hajiya, matso da su, amma a riƙe ƙaramar." Ya tsoma farin ƙyalle ya ɗago, sai ga shi ya fito kore-kore. Ya ce su zuba ido. A gabansu, iska na bugun ƙyallen yana rikiɗa, har ya koma shuɗi. Babbar 'yata, wadda a lokacin take aji biyu na ƙaramar sakandare kuma kullum take kukan darasin kimiyya, ta tambaye shi dalili. Ya ce shi dai abin da ya gada shi ne baba ba ya kama yadi sai ya sha iska, shi ya sa ake tsomawa ana ɗagowa sau da yawa, kuma yawan tsomawar ne ke sa shuɗin ya yi duhu. Da muka dawo gida ta kai wa malaminsu tambayar, ya yi musu darasi guda a kai. A gefen marinar kuma akwai mabuga, inda ake jibgar shadda da manyan guduma na itace har ta yi ƙyalli. Ki ɗan riƙe wani abu a hannu da za ki ba wanda ya ɓata lokacinsa ya nuna muku, ko ki sayi ɗan ƙyalle, don da wannan suke ci.

Daga nan ba nisa zuwa Gidan Makama, kusa da fadar Sarki. Ginin ƙasa ne da ake danganta shi da Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarautar Kano daga 1463 zuwa 1499, shi ne kuma ya gina fadar da har yau ake kira Gidan Rumfa, ya kafa Kasuwar Kurmi. Yanzu gidan adana kayan tarihi ne. Za ki ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, da kayan yaƙi, da hotunan zuwan Turawa a 1903. Ko da zafi ake yi, cikin ɗakunan da sanyi, abin da zai sa ki tuna ɗakin kakarki kafin a zo da kwano da bulo.

Dala kuwa sai mai ƙafa. Matakala ce ta siminti, ba ta da wuyar gaske ga yaro, amma mai ciwon gwiwa ko mai tsohon ciki ta haƙura ta jira a ƙasa. A sama za ki ga birnin ya bazu ta ko'ina har inda ido ya gaza, ga Gwauron Dutse can, ga korayen rufin babban masallaci. A nan ne za ki ba su labarin Barbushe da Tsumburbura. Babu shinge a kowane gefe, don haka hannun ƙarami kada ya bar naki.

Abin da ke ɓata tafiyar Kano ɗaya ne, kuma a jikinmu yake. Uwa ta shigo da niyyar nuna wa yara gari, sai zuciya ta ce tunda an zo bari a leƙa Kwari, ai minti goma ne. Ba a taɓa yin minti goma a Kwari ba. Kuɗin shiga wuraren kallo da na abincin rana sai su narke a turmin atamfa biyu, yara su wuni a tsaye a bakin shago suna hamma. Ni ma na faɗa wannan rami, har na ga abin da ya fi asarar kuɗi. A wata kasuwa cikin birni, ina tsaka da ciniki, na waiwaya ban ga ɗana mai shekara shida ba. Kwata guda na yi ina ratsa lunguna ina kiran sunansa, ban san inda takalmina ɗaya ya faɗi ba. Ashe wani mai sayar da huluna ne ya gan shi yana kuka ya zaunar da shi a kan benci, ya ba shi dabino, ya sa yaron shagonsa yana cigiya. Tun daga ranar ba na fita da yaro sai na rubuta lambar wayata a takarda na cusa masa a aljihu, manyan kuma sai sun haddace ta sun biya mini kafin mu hau mota. Idan kin zaɓi Kano, ki bar jerin sayayyarki a gida. Kasuwa tana nan, za ki dawo mata ke kaɗai.

To, Katsina fa?

Abu na farko da za ki lura da shi shi ne garin ba ya tura ki. Tituna da faɗi, motoci ba su kai na Kano ba, za ki iya tsallaka titi da yara huɗu ba tare da kin yi ta salati ba. Wani zai ɗauka haka take tun asali, alhali akwai zamanin da Katsina ce babbar kasuwar ƙasar Hausa, ayarin raƙuma daga Agadas da Arewacin Afirka a nan suke sauke kaya, malamai kuma daga nesa suke zuwa neman ilimi. Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadi, musamman tsakanin sababbin masu mulki da tsohuwar zuriyar sarauta da ta koma Maraɗi, su suka kori fatake zuwa Kano. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, da mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya ratsa garuruwan biyu a 1851, ya ƙiyasta mutanen Kano sun kai 30,000, na Katsina kuwa ba su wuce 8,000 ba a cikin ganuwa mai faɗin gaske. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai tazarar ta ƙara buɗewa. Katsina ba ta zama babban birnin jiha ba sai a 1987. Wannan tarihin ne ya bar mata natsuwar da uwa mai yara za ta ji daɗinta yau.

Kuma hanyar Katsina tana da abin da hanyar Kano ba ta da shi: Daura tana kanta. Kada ki yarda direba ya wuce da ku kai tsaye. Ki sauka, ki kai yara rijiyar Kusugu. Duk yaron da ya yi firamare ya ji labarin Bayajidda da macijin da ke hana ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, da Sarauniya Daurama. Amma yawancinsu sun ɗauka irin labarin gizo da ƙoƙi ne, wuri ne da babu shi. Yanzu an kewaye rijiyar da gini, akwai masu kula da ita, kuma har yau da ruwa a ciki. Da aka zura guga aka jawo, ɗana, wancan dai na kasuwa, ya leƙa ya ce, "Umma, to ina macijin?" Mai kula da wurin ya yi dariya ya zauna ya ba su labarin tun daga farko, ya lissafa musu Hausa Bakwai. A nan ne 'yata ta fara jin cewa a bisa wannan labari Bagauda na Kano da Kumayau na Katsina 'ya'yan mutum ɗaya ne, Bawo, kuma ɗaya daga cikin bakwai ɗin, Biram, a Jigawarmu take, wajen Garun Gabas ta ƙasar Haɗeja. Fadar Sarkin Daura ba nisa, ko daga waje kuka tsaya kallon zanen bangonta ya isa a ɗauki hoto.

Daga Daura sai ku bi ta Mashi ku shiga Katsina. Wurare biyu ne ba a barinsu. Na farko hasumiyar Gobarau, ginin ƙasa mai tsayin kamar mita 15, wadda ake danganta asalinta da zamanin Muhammadu Korau, ɗaruruwan shekaru ke nan. Masallaci ce da makaranta a da, kuma daga samanta ake hango mahara. Ba ta da girman da hoto ke nunawa, kada ki sa rai da wani dogon bene. Abin mamakinta shi ne ƙasa ce zalla, irin wadda muke yaɓe da ita, ta ga damina sama da ɗari biyar ana gyara ta tana tsaye. Matakalar ƙunci gare ta, sai ɗaya bayan ɗaya, kuma sai da izinin mai kula da wurin.

Na biyu tsohuwar Kwalejin Katsina, da Gwamna Clifford ya buɗe a 1922, wadda yanzu ita ma gidan tarihi ce. A nan Sardauna Ahmadu Bello ya yi karatu daga 1926 zuwa 1931, a nan Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi, a nan Abubakar Imam ya yi. Daga baya aka mayar da makarantar Kaduna a 1938, sannan Zariya, inda ta zama Kwalejin Barewa. Ban yi zaton wurin zai taɓa yara ba, don ɗakuna ne na ƙasa marasa ado. Amma babbar tawa ta tsaya ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Umma, ashe ajinmu ya fi nasu kyau." Ban ce mata komai ba. Idan kina da yaron da ya fara raina makarantarsu don ba ta kuɗi ba ce, wannan wuri zai yi miki maganar da kika gaji da yi.

Sauran kuwa na ratsawa ne: Ƙofar Soro da filin gaban fadar Sarki, wato Gidan Korau, da ƙofofin gari irin su Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Durɓi da Ƙofar 'Yanɗaka, wadda ta nan Turawa suka shiga a 1903. Idan Hajiya na tare da ku za ta so a kai ta unguwannin da ake danganta su da waliyyan Katsina, Ɗanmarina da Ɗanmasani. Mutanen garin kuma ba a banza ake kiran garinsu ɗakin kara ba. Sau biyu ina tambayar hanya mutum ya bar abin da yake yi ya taka da mu har kwana.

Sai dai kada in ɓoye miki, ƙananan yara gundura suke yi a Katsina. Autata ba ruwanta da Korau. Abin da ta riƙe daga tafiyar gaba ɗaya shi ne wani doki da ta gani an yi masa kwalliya a kusa da fada, da alewar da aka saya mata a tasha.

Na san abin da ke ranki tun da na ambaci Katsina, kuma shi maigida zai fara faɗa: tsaro. Ba maganar wasa ba ce. Jihar ta sha wuya a hannun 'yan bindiga, kuma ƙananan hukumomin da aka fi jin sunansu su ne irin Jibiya, Batsari, Safana, Ɗanmusa, Ƙanƙara da Faskari, wato yamma da kudancin jihar. Hanyarmu ta Daura da Mashi tana can arewa maso gabas, ta fi samun sauƙi. Amma sauƙi ba tabbas ba ne, kuma abin da ke gaskiya bana ba lallai ya zama gaskiya baɗi ba. A satin da za ku tafi, maigida ya je tasha da kansa ya tambayi direbobin da ke bin hanyar kullum, su suka fi rediyo sani. A fita bayan gari ya waye sosai, a isa kafin la'asar, kada a yarda da direban da zai ce ya san wata gajeriyar hanya ta cikin daji. Wannan ƙa'ida ta rana har hanyar Kano ta shafa, don haɗarin dare a titin da manyan motoci ke bi shi ma ba ƙarami ba ne.

Yanzu maganar kuɗi. Ba zan rubuta miki kuɗin mota ba, domin tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 farashin kujera ba ya kwana biyu wuri ɗaya. Amma lissafin a bayyane yake. Kano ana iya zuwa a dawo a yini guda, Katsina kuwa da tsayawa a Daura sai an kwana, in dai ba so kike ki dawo da yara a galabaice cikin dare ba. Ke nan a kuɗin mota Kano ta fi sauƙi. Sai dai abin da kika rage a hanya, cikin gari zai karɓe: daga Gidan Zoo zuwa Ƙofar Mata zuwa Dala kowanne sai an hau a-daidaita-sahu, ku shida kuma ɗaya ba zai ɗauke ku ba sai dai shata biyu, ga idon yara da ke kan duk abin da aka ratsa da shi a faranti. A Katsina wuraren kusa suke da juna, abin sayarwa mai jan ido kuma bai kai haka yawa ba.

Don haka abin da zai yanke hukunci sau da yawa shi ne masauki. A ina kike da 'yar uwar da za ta yi murna da ganinki da gaske? Kuɗin ɗaki biyu a otal zai iya cinye rabin adashin. Idan gidan dangi za ki sauka, ki sanar da su tun da sati guda, kada ki faɗo musu da mutum shida kamar ruwan bazara, zamanin nan kowa da lissafin tukunyarsa. Ki riƙa musu abin da gidanku ke da shi, kwanon wake ko gero, ɗan man gyaɗa, kuka ko daddawa. Mutumin birni ya fi murna da wannan a kan lemon kwalba. Kwana ɗaya ko biyu ya isa, ku tafi ana marmarinku.

Inda kike zaune ma yana da magana. Ke ta Ɓaɓura, titinki ta Kanya da Kunya ya miƙe ne zuwa Kwanar Dumawa, Kano ce a bakin ƙofarki, zuwa Katsina kuwa sai kin zaga ta Ɓaure da Zango kin fito Daura. Ke ta Gwiwa ko Roni, ƙasar Katsina ce maƙwabciyarki, mai yiwuwa ma dangin da za su sauke ki sun fi yawa a can. Wata rana wannan lissafi zai canza, domin layin dogon da aka aza harsashinsa a watan Fabrairun 2021, mai tsawon kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi, ta Ɗambatta da Kazaure da Daura da Katsina aka tsara ya bi. Idan aka nuna mana ranar da ya fara jigila, tashar Kazaure za ta kai ki duk wanda kika ga dama. Kafin nan dai sai mota.

Wasu za su ce a bari sai sallah, a haɗa da kallon hawa. Hawan Kano ya yi suna har hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a watan Disamban 2024, amma tun da rikicin masarauta ya taso a shekarar an sha dakatar da shi, wani lokaci ana dab da sallah. Kada ki ɗora tafiyar yara a kan abin da sanarwa ɗaya za ta iya rushewa. Ban da haka ma, muna da hawa a Kazaure, yaro zai ga doki da algaita ba tare da an matse shi a cikin dubban mutane ba. Hutun ƙarshen shekara ya fi, lokacin da sanyi ya sauka, sai dai a haɗa da rigunan sanyi da man shafawa saboda hunturu. Daga Maris zuwa Mayu kuwa, zafin da ake yi bai dace a ja yaro yawon gari ba. Ko yaushe za ki tafi, guzurinki daga gida: dambu ko soyayyen nama, dafaffen ƙwai, ruwa mai yawa, ƙullin gishiri da sukari na asibiti saboda gudawa, da maganin zazzaɓin yara. Idan akwai mai shan magani kullum, kamar Hajiya da na hawan jini, a jakar hannunki zai zauna, ba a cikin kayan da za a ɗaure a but ba.

Ga abin da na ce wa ƙanwata. Idan duk yaran ƙanana ne, ko kuma yini ɗaya kawai aka ba ki, ki tafi Kano, ki yi Gidan Zoo da marina ki dawo, kada ki ƙara na uku. Amma idan akwai masu wayo a ciki, 'yan shekara tara zuwa sama, kuma kina da inda za ki kwana, ni Katsina zan ce. Dalilina shi ne Kano ba za ta tsere wa ɗan Kazaure ba. Ko kin kai shi ko ba ki kai shi ba, karatu ko neman kuɗi ko jinya za su kai shi. Katsina da Daura kuwa, idan ba da gangan aka shirya aka je ba, sai mutum ya tsufa a nan kusa da su bai taɓa leƙa Kusugu ba.

Ta ce za ta yi shawara. Ashe ba ita ce mai yankewa ba. Da Hajiya ta ji ana ambaton Daura, sai ta ce tana da 'yar ɗakinsu da aka kai aure can, rabon da su ga juna tun kafin a haifi babban jikan nata. Nan take magana ta ƙare. A gidan tsohuwar suka sauka suka kwana biyu, tsofaffin suka raba dare suna hira, washegari ƙanwata ta bar Hajiya da auta a can, ta ɗauki manyan uku suka yi sammakon Katsina suka dawo Daura kafin la'asar. Ba su biya kuɗin ɗaki ko na dare ɗaya ba, har ta dawo da canjin da ta ce na Gidan Zoo ne idan an yi hutun gaba.

Da suka iso Roni babban nata ya karɓi wayar ya ce, "Inna, na taho miki da ruwan Kusugu a gora, amma ƙanina ya shanye rabi a mota."